Wadda Kaka Ba Ta Ƙirga Ba

Oyo,
14 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Gwaggona Malama Ummi,

Gaisuwa mai yawa tare da barka da salla. Ina fata ƙafar nan taki ta yi sauƙi, kuma ɗalibanki ba su ƙara miki furfura ba. Ni lafiya ƙalau nake. Saura wata huɗu in gama makarantar horar da malaman kurame, in dawo gida. Na koyi cin amala, amma kada Umma ta ji.

Na ba Ikenna, mai kayan gyaran mota na bakin layinmu a Sabon Gari, wannan takarda, tun da duk bayan mako biyu yana biyowa ta nan in zai je Ibadan. Ba na son maganar ta zauna a waya. Kin san gidanmu, wayar mutum ɗaya ta kowa ce.

Gwaggo, aure nake so. Rahamatu ce, 'yar Inna Lantana ta Chikaji, wadda ke ɗinki a kasuwar Sabon Gari. Tana ji sarai, amma ta koyi maganar hannu a wajen ƙanwata Jummai, har ta kai tana yi mini tsiya da ita. Na tambaye ta, ta ce in turo manya.

Sai dai kin san alkawarin da na yi. Ni kurma ne, Jummai ma kurma ce, kuma ke kika fahimtar da ni cewa auren zumuncin da aka yi wa Baba da Umma yana da hannu a ciki. Tun ran nan na ce ba zan auri dangi na kusa ba. Inna Lantana tana yawan zuwa gidanmu, amma ban san mece ce ita a wajenmu ba. Ki bincika mini kafin Baffa ya taka ƙafa. In ta kusa ce zan haƙura, ko da yake ban san yadda ake yi ba.

Ɗanki,
Dalhatu

Samaru,
28 ga Afrilu, 2024

Ɗana Dalhatu,

Ina amsa gaisuwarka da farin ciki. Ƙafa ta yi sauƙi, sai dai in hadari ya haɗu takan tuna mini shekaruna. Ummanka da Jummai suna lafiya. An yi ruwan farko a Samaru ran Laraba.

Na karanta takardarka a ɗakin malamai, na yi guɗa ban sani ba, har shugaban makaranta ya leƙo. Yaron da na kama wa hannu yana rubuta baƙaƙe a ƙasa shi ne yau yake neman aure! Kuma ya tsaya ya yi tambaya tukuna. Da samarinmu duka haka suke, da na rage surutu a aji.

Bari in maimaita maka karatun, don ka iya yi wa yarinyar bayani. Duk wani umarni da jiki yake bi, kwafi biyu muke da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya zo da tangarɗa, sau da yawa ɗayan yakan rufa masa asiri, mutum ya yi rayuwarsa bai ma san yana ɗauke da komai ba. Kowa a duniya yana da irin wannan ɓoyayyen kaya. Sai dai kayan bare daban, naka daban, da wuya su yi karo. Dangi kuwa daga buhu ɗaya suka ɗiba. Babanka, Allah ya jiƙansa, da Ummanka 'ya'yan wa da ƙanwa ne, duka suna ji, amma kowannensu ya ɗauko irin kwafi ɗaya daga kaka ɗaya, suka haɗu a kanka da Jummai. Wannan shi ne zato mafi ƙarfi. Ba laifin kowa ba ne, kuma ba aljanin rijiyar bayan gida ba ne, duk da har yau Kaka Yalwa ba ta yafe wa rijiyar nan ba.

Ran Asabar na ɗauki babbar takarda da jan biro na tafi Sabon Gari. Ka san ni a Funtua na tashi, dangin babanka ne nawa, na Ummanka ta wajen uwa kuwa sai da tambaya. Don haka na nufi tushe, wato Kaka Yalwa, kakarka ta wajen uwa. Na tarar da ita tana tsince shinkafa.

Na ce, “Kaka, 'ya'ya nawa kika haifa?”

Ta ce, “Ke kuma ƙidayar jama'a aka ba ki?”

Na ce, “Mijinki ne zai yi miki kishiya, shi ya aiko ni.”

Ta ce, “Wannan mijin nawa da ko kuɗin cefane bai taɓa ba ni ba? Ya yi ta yi. Rubuta, huɗu.”

Ta lissafa su: Asabe ummanka, da kawunnanka uku. Na tambaye ta Lantana fa? Sai ta sunkuya kan shinkafarta ta ce, “Waccan ai ta gidan Iya Abu ce, can Chikaji.” Na ce Iya Abu 'yar'uwarku ce? Ta ce a'a, ƙawa ce, mazajensu suka yi aikin jirgin ƙasa tare. Mahaifin Rahamatu kuwa mutumin Bauchi ne, wannan kowa ya sani.

To ka gani. Na ja layukana, na juya takardar sama da ƙasa, babu inda reshenku ya taɓa nata. Bare ce fes. Ku dai yi gwajin sikila, wannan ko da Baturiya za ka aura ba na ɗaga ƙafa a kansa. Ban da shi, bismilla.

Gwaggonka mai alfahari da kai,
Ummi

Oyo,
5 ga Mayu, 2024

Gwaggo,

Na gaishe ki, na kuma gaishe ki. Lafiyata ƙalau, har ta yi yawa. Na karanta “bare ce fes” sau bakwai. Abokan ɗakina sun ce fuskata ta cika musu ɗaki da ƙara.

Na yi gwajin tun bara, ni AS ne. Sai a ji nata. Na rubuta wa Baffa ya kai gaisuwa gidansu. Ki adana mini takardar nan mai jan biro, zan sa ta a gilashi. Ki gaya wa Kaka cefane yana nan tafe.

Dalhatu

Samaru,
19 ga Mayu, 2024

Ɗana Dalhatu,

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Baffanka ya kai gaisuwa an karɓa da hannu biyu, kuma Rahamatu ta yi gwaji, AA ce. Ta wannan gefen hankali kwance.

Yanzu ka zauna, don malamarka ta faɗi jarrabawa.

Ka tuna Mama Ejiofor, tsohuwar nas ɗin da ke gidan da ke kallon naku? Sunanta na yanka Winifred, amma rabon da a kira ta da shi tun kafin a haife ka. Rabin unguwarku a hannunta suka faɗo duniya. Jiya na je gaishe ta, kuma don son a yaba mini, na shimfiɗa mata takardata a kan tebur. Ta sa tabarau, ta bi layukan da yatsa, sai ta tsaya.

Ta ce, “Malama, ina ta farin?”

Na ce, “Ga ta, Asabe.”

Ta ce, “Asabe ta biyu ce. Ina Lantana?”

Na nuna mata can gefe, ƙarƙashin Iya Abu. Matar nan ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido.

Ta ce, “Iya Abu ko ɓari ba ta taɓa yi ba, Allah ya jiƙanta. Ni na karɓi haihuwar Lantana da hannun nan, a ɗakin da Yalwa take kwana yanzu. Da aka yaye ta aka ba Iya Abu riƙo. Wa ya ba ki wannan lissafi?”

Na ce, “Kaka da bakinta.”

Ta ce, “Chineke! Kin je kin tambayi Bahaushiya 'ya'yanta nawa, kika rubuta abin da ta faɗa? Ke da aka haifa a cikin abin? Ni da na zo daga Onitsha na san sai an ƙara ɗaya.”

Dalhatu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyar ɗan fari! Matan zamanin su Kaka ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in ana ƙirga 'ya'ya su tsallake shi. Uwata ma haka ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah. Na san wannan sarai, amma da na riƙe jan biro sai na zama 'yar boko zalla. Ko da Kaka ta ce “waccan” ta sunkuyar da kai, ai ta gaya mini komai, ni ce ban ji ba.

Na koma wajenta na ce, “Kaka, kin sa na yi abin kunya.” Ta ce, “Ni na yi kunyata, ke kika yi abin kunyarki. Da wane bakin zan ƙirga ta?” Ummanka kuwa mamaki ta yi da jin ba ka sani ba. Ta ce ita duk a zatonta don zumuncin ka zaɓi Rahamatu.

Ga gaskiyar magana. Lantana yayar Ummanka ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kai da Rahamatu 'ya'yan ya da ƙanwa ne. In kurumtarka irin wadda muke zato ce, lissafin haka yake: yiwuwar Lantana tana ɗauke da kwafin nan rabi ce, ta Rahamatu ɗaya cikin huɗu, yiwuwar ɗa ya zo kurma kuwa kusan ɗaya cikin takwas a kowace haihuwa. Da bare ce, da abin ya yi ƙasa da haka nesa. Kuma ba kunne kaɗai ba, duk wani ɓoyayyen kaya da ke buhun gidanku yana iya haɗuwa, ko da yake mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiya suke zuwa. Ni malamar aji ce, likita ya fi ni sanin ƙarshen zancen.

Ba zan ce maka yi ko bari ba. Amma ni na ce bismilla a kan kuskure, har aka kai gaisuwa. Ka yafe mini.

Gwaggonka,
Ummi

Oyo,
26 ga Mayu, 2024

Gwaggo,

Na karanta. A dakata da komai. Zan rubuta wa Rahamatu da kaina.

Dalhatu

Samaru,
23 ga Yuni, 2024

Ɗana Dalhatu,

Ina gaishe ka ko da kai ba ka gaishe ni ba. An yi babbar salla lafiya, na ajiye maka soyayyen nama a gwangwani, in ka ƙara mako biyu ba ka rubuto ba zan ba ɗalibaina.

Wata guda ke nan ba layi ɗaya daga gare ka. Ikenna ya je ya dawo sau biyu hannu wofi, har ya fara canza hanya in ya hango ni. Na aika saƙo ta waya, shiru. Takardarka ta ƙarshe kuwa na auna ta ta kowace fuska. Ba gaisuwa, ba “ɗanki”. Na gane fushi kake yi da ni, kuma ka yanke shawarar janyewa. Hakkinka ne. Amma ɗana, ba a sallamar yarinya irin wannan da takarda. Ka bari ka dawo ka zauna gabanta.

Na kasa haƙuri, na je shagonta ran Alhamis, wai in rarrashe ta. Na tarar tana kan keke tana ɗinka wa wata amarya kaya, bakinta cike da allurai. Na fara kewaye-kewaye, na ce, “'Yata, akwai wani abu game da asalin mahaifiyarki da ya kamata ki sani.” Ta cire alluran ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Cewa Kaka Yalwa ce ta haife ta?”

Na ce, “Kin sani?”

Ta ce, “Gwaggo, tun ina firamare. Duk salla Kaka takan aiko wa Innarmu tuwo ta ce a kai wa mutanen Chikaji, sai ka ce mu unguwa guda ne. Wa bai sani ba?”

Na ce, “Ni da Dalhatu.”

Ta ce, “Ai da kin biyo ta nan da babbar takardarki, da na rage miki kuɗin mota.”

Ka ji fa. Na zagaye tsofaffin Sabon Gari, na manta da mai abin.

Sai dai ita ba ta san zumuncin yana da wata magana ta lafiya ba. Na zauna na zana mata kwafi biyun nan a bayan takardar awo. Ta saurara da kyau, ta yi tambayoyin da ɗalibaina 'yan aji shida ba sa yi. Ta ce, “Wato in na haifi takwas, ɗaya ne zai zo kurma?” Na ce a'a, ba layi ake bi ba, kowace haihuwa da nata rabon, kuma ya danganta da ko tana ɗauke da abin ko ba ta ɗauke da shi. Ta ce, “Akwai gwajin da zai nuna?” Na ce akwai, amma ba ko'ina ake yin sa ba, sai mun tambayi likita.

Da na tambaye ta ko ta sami takardarka, sai ta mayar da alluranta baki ta taka keke. Ban san fassarar wannan ba. Na fito zuciyata ba daɗi.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Gwaggonka,
Ummi

Oyo,
7 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Gwaggona, malamata ta farko,

Gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, har da bashin ta wancan karon. Ina lafiya. Kada ki taɓa naman nan.

An tura mu koyon aikin koyarwa wani ƙauye bayan Iseyin, kusan mako shida, inda waya ba ta kamawa sai an hau dutse. Waccan takardar a tsaye na rubuta ta, motar makaranta tana jira, Ikenna yana nuna mini agogo. Shekaranjiya na dawo na tarar da taki da ta Rahamatu a wajen mai gadi. Ni in yi fushi da ke? Ke kaɗai ce kika taɓa zama kika gaya mini yadda aka yi na zama ni. Kuma “a dakata” ai ba “a fasa” ba ne. Malama guda!

Amma gaskiya na ji ciwo, ba kuma ɗaya cikin takwas ɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. Shekarata ashirin da bakwai a gidan nan. Kowa ya san Inna Lantana yayar Umma ce, har Mama Ejiofor ta tsallaken titi. Ba wanda ya ɓoye mini. Irin maganar da ake ji ne a tsakar gida, ana tankaɗe ana hira, ba wanda yake zama ya faɗa wa yaro. Ni da Jummai duk irin wannan ta gefenmu take wucewa. Umma tana da alamar “ci abinci” da “zo nan” da “bari”, shi ke nan. A ƙauyen nan na yi ta tunani, sai na gane abin da nake gudar wa ɗana. Ban taɓa jin kiran salla ba, amma ban rasa salla ba. Abin da na rasa hirar gidanmu ce.

Don haka ban rubuta wa Rahamatu sallama ba. Na rubuta mata lissafinki duka, ban rage ko ɗaya ba, na ce ita ma tana da hakkin ta fasa, ba wanda zai ga laifinta, ni zan ɗauki kunyar gaban manya. Daga ƙauyen na aika ta gidan waya, ba ta isa hannunta ba sai bayan zuwanki shagonta. Alluran da ta mayar baki kuwa, ta ce in gaya miki ba ta iya zancen saurayinta da surukarta ba ne. Ashe kunyar ba a kan Kaka ta ƙare ba.

Amsarta shafi uku ce. Ta gindaya sharuɗɗa. Na farko, in na dawo a watan gobe mu je asibitin koyarwa na Shika mu uku, har da ke da takardarki bayan kin gyara ta, likita ya duba ko akwai wani abu a dangi da ya fi kurumta nauyi. In ya ce akwai, mu sake zama. Na yarda, ki nema mana rana. Na biyu, duk ɗan da Allah ya ba mu a gwada jinsa tun yana jariri, kada a tsaya jiran ya shekara uku ana zargin rijiya. Na uku, Umma da Inna Lantana su fara zuwa wajen Jummai koyon maganar hannu tun yanzu, duk Juma'a. Ta ce Kaka ma ba ta tsira ba, tun da hannu ba baki ba ne, sai a gani ko da shi za ta iya ƙirga biyar.

Ni ma ina da nawa. Mu ne na biyu a jere da muka yi auren gida. Kada a yi na uku. Ki tara ƙannenmu da 'ya'yan kawunnai ki yi musu karatun nan tun ba su fara kallon juna ba, ki kuma rubuta kowa a ƙarƙashin wadda ta haife shi.

Na san na saɓa alkawarin da na yi wa kaina, Gwaggo. Na yi shi ne ina tsoro, yanzu kuwa na san abin da nake tsoron, na kuma san da wa zan tare shi. A ƙarshen takardarta ga abin da ta rubuta: “In ma duka suka zo kurame, ai ni ce zan zama baƙuwa a gidan. Sai ku yi haƙuri da ni, ku riƙa yin hannun a hankali.”

Ki gaya wa Baffa ya ɗage dakatarwar. In mun fito daga wajen likita lafiya, a sa rana.

Ɗanki har kullum,
Dalhatu